Dariyar da Aka Yanke

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, ita ce shekarar da Baba ya rasu. Tela ne a Babbar Kasuwa, yana cikin ɗinka hulunan 'yan siyasa ciwo ya kayar da shi. Gari na ta murna, mu muna zaman makoki.

Ran sadakar uku, wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta shigo gaisuwa. Baiwar Allah ta kwana biyu tana yawon barka gidajen waɗanda suka ci zaɓe, bakinta ya riga ya saba. Ta durƙusa gaban Inna, mahaifiyata, ta buɗe baki ta ce, "Allah shi maimaita."

Sai Inna ta fashe da dariya, har da riƙe ciki, hawaye na zuba. Muka taya ta. Ban sake jin dariyarta irin wannan ba, don tun tana takaba hawan jini ya kwantar da ita.

Na rubuta abin ya zama gajeren labari, na aika wani gidan rediyo mai karanta labarai ran Juma'a. Kukan na ciki, dariyar ma na ciki, don haka abin ya faru. Da na gaya wa Inna, kullum sai ta tambaye ni ko Juma'ar ta zo. So take ta ji an kai wurin tsohuwar nan ta ƙara darawa. Ni ma abin da nake so ke nan.

Ranar na jingina ta da filo, na ajiye rediyo kusa da kunnenta. Mai karatun ya karanta rasuwar, ya karanta makokin, ya tsallake tsohuwar gaba ɗaya. Wataƙila a ganinsa dariya a gidan mutuwa rashin ta ido ne. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Inna ta jira har aka sa kiɗan rufe shiri. Sannan ta dube ni.

"Ɗiyata, ashe kuka kaɗai kika gani gare ni?"

Na rantse mata yankewa suka yi. Na ɗauko takardun na nuna mata wurin da yatsa, alhali na san ba ta karatun boko. Na ce bari in karanta mata da kaina.

"Bar shi," ta ce, ta juya fuska bango. "Na gaji."

Ba ta kai wata Juma'ar ba.