Baƙon da Ya Juya Daga Gaya

Har na yi ritaya ban manta da ranar da na tara manoma a ƙauyen Toranke saboda baƙon da bai iso ba. Lokacin ina malamin gona a Ajingi. Ga wanda bai san aikin ba, malamin gona shi ne mai shiga ƙauyuka yana nuna wa manoma sabon iri da yadda ake sa taki, kuma duk saƙon da ya fito daga manya ta bakinsa yake isa.

Farkon damina ne. Shugaban sashenmu ya kira ni ofis ya ce wata ƙungiya a Legas za ta raba irin gyaɗa mai jure fari, amma sai jami'inta ya zo ya ga manoman da idonsa. Na ce ranka ya daɗe, ruwa ya sauka, kowa na shuka, a tabbatar zai zo. Ya ce an gama magana. Wai sakatariyar jami'in ta duba a waya, daga Legas zuwa Ajingi ta sama ko awa biyu ba a yi, zai zo da safe ya koma da yamma. Na ce ai jirgi ba ya sauka a Ajingi. Ya ce in je in yi abin da aka sa ni.

Na bi gida-gida a kan babur. Mutane suka ajiye shuka, wasu suka tako tun daga Gafasa, har da matan da mazansu suka rasu suke noma da kansu. Mai unguwa ya sa aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya. Tun hantsi muke zaune.

Bayan azahar wayata ta yi ƙara. Baƙon ne, da Turanci, ransa a ɓace. Wai ba wanda ya gaya masa akwai doguwar tafiyar mota bayan an sauka a Kano. Ya iso garin Gaya da ke kusa da mu, kuma ba zai ƙara gaba ba, kada jirgin komawa ya tashi ya bar shi. Wai in zaɓo manoma kaɗan masu kaya masu tsabta in kai masa Gaya a ɗauki hoto.

Na ce, "Yallaɓai, abin da ya rage maka a mota bai kai lokacin da tsofaffin nan suka ci a ƙafa ba." Ya kashe wayar.

Ni na miƙe na faɗa wa jama'a. Ba wanda ya zage ni, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Malam Hadi, wani dattijo da ya bar gonarsa rabi a shuke, ya kaɗe rigarsa ya ce, "Malam, gobe in ka kira mu kan abin gaske, wa zai zo?"

Irin bai iso ba sai da gyaɗar mutane ta yi fure. Shugabana kuwa faɗa ya yi mini, wai na yi wa baƙo rashin kunya. Da tsutsa ta faɗa wa dawa a shekarar, na kira taron feshin magani, waɗanda suka zo ko tabarma ɗaya ba su cika ba.

Ku da ke aikin yanzu, ku sani manya ne ke yin alkawari, amma fuskarku manomi ya sani. Tun daga ranar ban ƙara raba kowa da gonarsa ba sai motar baƙo ta tsaya a gabana.