Gangaren Goggo

Gonarmu ta girmi duk wanda ke raye a danginmu. Kakan babanmu ne ya sare ta tun wurin yana kurmi, shi ya sa har yau ba mu san shi da wani suna ba sai Mai Gatari. Ya bar 'ya'ya maza biyu. Babban ya sayar da rabinsa ya shiga duniya. Ƙaramin, wato kakanmu, ya riƙe nasa shekara arba'in da ɗoriya. Shi ya haƙa rijiyar bakin hanya, shi ya shuka mangwaro bakwai a kan iyaka, biyar suka yi rai.

Gonar ba a shimfiɗe take ba. Sama tudu ne mai taushin ƙasa, daga tsakiya sai ta fara gangarowa, can ƙasa kuma ruwan sama ya yanka wani rami mai tsawo, wanda in namiji ya shiga sai dai a hango hularsa.

Kakanmu ya rasu ya bar uku: Baffa ne babba, sai babanmu, sai autarsu, wadda muke kira Goggo. Ranar rabo maza suka ɗauki tudu. Baffa ya dubi ƙanwarsa ya ce, "Auta, ke da kike gari a kan keken ɗinki, me za ki yi da gona? Riƙe gangaren nan dai, a ce kin ci gado."

Ta ce, "To, Yaya."

A lokacin shekararta talatin da huɗu, tana da 'ya'ya huɗu da ɗan shagon ɗinki a bakin kasuwa. Mijinta direban tifa ne, mutum mai sanyin hali, kowa Direba yake ce masa. Shekarar farko ko leƙa gonar ba ta yi ba. A ta biyu ta je gaishe da babanmu bayan wani ruwa mai ƙarfi, ta ce bari ta ga rabonta. Ta tarar ramin ya ƙara cin taku goma, ya kai gindin ɗaya daga cikin mangwaron mahaifinta, saiwoyin duk a waje suna lilo. Ta daɗe a tsaye, sannan ta koma gida.

Tana zuba wa mijinta abinci ta ce, "Baban yara, in an ba ka kwasar baraguzan gini, ina kake kai su?"

"Bola mana."

"To daga yau gonata ce bolarka."

Haka aka fara. Direba ya zube duwatsu da fasassun bulo a bakin hanya, ita kuma duk ranar da ba kasuwa ta ɗauki kwando ta yi ta jida a kai. Ta jera su layi-layi a gicciye, daga sama zuwa ƙasa. Ruwan farko da ya sauka ya kwashe aikin wata uku ya watsa cikin ramin. Matan unguwa suka ce ai dama, wa ya taɓa ganin tela ta tare ruwa.

Da hadari ya sake haɗuwa sai Goggo ta rufe shago, ta yafa buhu a kai, ta je ta tsaya cikin gonar ana tsuga ruwa, tana kallon inda yake bi da inda yake taruwa. Sau uku ta yi haka. Daga nan ta canza aikin. Sai ta fara haƙa ɗan rami ta binne manyan duwatsu, ta ɗora ƙanana, ta dasa ciyawar gamba a bayansu don saiwa ta riƙe. Kuma ta bar wa ruwan ƙofa a ƙarshen kowane layi, domin ta gano in an toshe shi gaba ɗaya fasawa yake yi.

Ɗinki ya ji jiki. Yatsunta suka faffashe har zare ya riƙa maƙalewa a jikinsu. Wata mai kawo mata aiki ta taɓa kama hannunta ta ce, "Wannan na tela ne ko na birkila?" Goggo ta ce, "Rigarki dai ta yi miki daidai ko ba ta yi ba?" Wasu masu kawo ɗinkin sun gudu, wasu sun zauna.

A shekara ta shida aka fara ganin abin. Bayan kowane layi ƙasa ta taru, baƙa, mai laushi, gangaren ya koma kamar matattakala. Ramin ya cike fiye da rabi. Ta shuka masara ta yi kyau, ta sa dankali da barkono a ƙasa inda laima ke daɗewa. A daidai lokacin kuma tudun 'yan'uwanta ya fara nuna tsakuwa, amfani yana raguwa kowace shekara.

Wata safiya Baffa ya gangaro tare da babanmu. Ya tsuguna ya damƙi ƙasar, ya murza, ya shinshina.

"Auta, wannan ƙasar fa tamu ce."

"Taku ce, Yaya. Da ƙafarta ta zo. Ga kwando can, ka kwashe abarka."

Babanmu ya yi dariya har sai da ya zauna a kan dutse. Baffa kuwa ya juya ya tafi, damina guda bai yi mata magana ba. Da rani ya aiko matarsa ta tambaya zurfin ramin da ake binne duwatsun. Goggo ta ce, "Ki ce masa ya zo da kansa, ba a auna rami da saƙo." Ya zo, yana ɓata rai. Rani biyu suka yi suna aikin tudun su uku, ita ce ke nuna inda za a ja layi, yayyenta na bi.

Direba ya ce mata, "Kin san in kika tare musu ƙasa, taki ta daina ƙaruwa ko?"

Ta ce, "Wadda ta zo ta ishe ni. Kuma duk gonar Baba ce."

Mu jikoki goma sha huɗu ne. Kafin mu girma an zuba wa hanyar kwalta, gari ya matso har ana jin hayaniyar tasha daga gona. Baffa ya rasu, babanmu ya bi shi bayan shekara uku, Direba ma ya tafi. 'Ya'yan Baffa duk ma'aikata ne, babu mai sha'awar fartanya, suka sayar da rabon ubansu ga wani ɗan kasuwa da zai gina sito. Na zaci Goggo za ta ta da hankali. Cewa kawai ta yi, "Nasu ne."

Amma da ta ga an kafa ginshiƙai ta ga faɗin rufin, sai ta ce in raka ta wurin mai kula da ginin. Ta haura saba'in a lokacin, tana dogara sanda. Ta tambaye shi ina ruwan rufin zai bi. Ya nuna mata bututu biyu da ke kallon gonarmu. Ta ce, "Ɗana, zo mu taka." Ta zagaya da shi layi bayan layi, tana nuna masa da sanda inda ruwa zai fasa da abin da zai tafi da shi. Mutumin ya shigo yana duba agogo, ya fita yana rubutu a takarda. Bayan mako biyu mai siton da kansa ya zo, ya durƙusa ya gaishe ta, suka daidaita: zai gina babban tanki a kan iyaka, ruwan rufin ya taru ciki, famfo ɗaya nasa, ɗaya namu. Tun daga nan muke noman rani.

Bara idonta ya yi rauni, ta daina zuwa gona. Ta kira ni ɗakinta, da yake ni ne malamin makaranta a gidan, ta ce in rubuta duk wanda ya taɓa riƙe gonar da abin da ya yi mata. Muka yi yini biyu. Da na karanta mata sai ta ce, "Ka tsallake mai sito."

Na ce, "Goggo, ai ba jininmu ba ne."

"Labarin gona nake ba ka, ba na jini ba. Saka shi."

Na saka shi. Ta rasu bayan girbi, da hantsi, 'yarta ta biyu na gefenta. Ita ce yanzu ke riƙe da gangaren a madadin 'yan'uwanta, ni da ƙanina muna noma rabon babanmu. Bana albasa muka sa duka, kuma mun yi latti da mako biyu, saboda haka ba ta yi girman da muka so ba.