Lakar Ƙarƙashin Gada

Yanzu idan ka bi ta gadar kanal ɗin da ke bayan garinmu, tsakanin Kura da Bunkure, ba za ka tarar da kowa ba sai masu wanke babur. A shekarun tamanin kuwa, da an gama loda kwandunan tumatir da la'asar, samari da magidanta kan jeru a kanta su yi tseren iyo zuwa ƙofar ruwa ta gaba.

Mu 'yan kududdufi ne tun asali. A can gwani shi ne wanda ya faɗa da ka, a tsaye kamar taɓarya, ya nutse har ƙasa ya taso da dunƙulen laka a hannu. Lakar ce shaida. Da aka haƙa kanal sai muka kwaso wannan al'ada muka kai masa, alhali ƙasansa siminti ne, ruwansa kuma ba shi da tabbas. Yau a sako shi ya shanye mutum, gobe a rage ya tsaya a ƙirji, ga shi ja, ba a ganin ƙasa.

A lokacin na dawo gida daga aikin jirgin ruwa. Na ga masu tsere a Iskandariya, na gan su a Legas da Dakar. Harsunansu daban, amma shigarsu ruwa ɗaya ce: hannuwa a haɗe a gaba, kai a tsakaninsu, jiki a miƙe ya shafi saman ruwa ya wuce. Ba mai neman ƙasa.

Ƙanena, manomin tumatir mai 'ya'ya biyu, shi ne gwanin gadar. Tsoron wuyansa nake yi, shi ya sa na nuna masa irin shigar. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Yaya, ai wannan faɗuwar kwaɗo ce. Duk yawon duniyar nan abin da ka samo mana ke nan?"

"Ta fi sauri, kuma ka koma gida da wuyanka."

"To lakar fa? Wa zai yarda na shiga ruwa?"

"Siminti ne a ƙasa, ba kududdufi ba."

"Akwai ta a ƙarƙashin gada. Ni na san wurinta."

Gaskiyarsa, laka kan taru a wurin, kuma ya sha fito da ita.

Wata la'asar na iso suna jere. Idona ya kai bangon kanal, sai na ga shatin danshi ya ɗara ruwan da fiye da kamu ɗaya. An rage ruwa ke nan. Na ɗaga murya na ce a zura kara a auna tukuna, amma ƙanena ya riga ya tashi sama, kai a ƙasa.

Ya taso a kife, hannunsa babu laka. Abokansa suka yi ta tsokanarsa, sun ɗauka wasa yake, sai da ruwa ya fara tafiya da shi. Muka ciro shi, muka kwantar da shi a kan ƙyaure, motar tumatir ta kai mu asibiti a Kano. A hanya ya tambaye ni wa ya riƙe masa ƙafafu. Babu wanda ya riƙe su.

Ya rayu, ya aurar da 'ya'yansa daga kan tabarmar zaure, ni na ci gaba da noman gonarsa. Tun ranar ba a sake tsere a gadar ba, shi kuma bai sake tsayawa da ƙafarsa ba.