Filin Ja'afaru da Fankokin Lantarki

A unguwar Rusaifa ta Makka babu wanda bai san Ja'afaru yana da fili ba, domin shi da kansa yake sanar da mutum tun kafin a gama gaisawa. A unguwar Tandabawi aka haife shi, jikan wani Bakatsine da ya zo hajji a ƙafa bai koma ba. Shekara talatin ya yi yana jan bas ɗin alhazai, har gwiwa ta ce ta gaji. Gidan haya yake zaune da matarsa Zubaidatu da 'yarsu Arwa, amma in ka ji shi a shagon tsiren abokinsa Datti a unguwar Mansur, sai ka rantse rabin Hijaz nasa ne.

Filin yana can kudu da Makka, ta hanyar bakin teku. Ya saye shi shekara ashirin da suka wuce a hannun wani dillali mai zaƙin baki, wanda ya nuna masa wurin da yatsa daga cikin mota saboda rana ta yi zafi. Tun ranar bai sake leƙawa ba. Kullum cewa yake gari na nan tafe, ranar da ya iso za a san wa ya yi wayo.

Gari bai iso ba. Abin da ya iso shi ne labarin wani kamfani zai kafa manyan fankoki a yankin, iska na juya su suna ba da lantarki.

"Halas, shi ke nan, sun kashe ni," in ji Ja'afaru. "Ya Datti, wa zai sayi fili a gindin fanka? An ce ƙararsu har kaza take hana ƙwai."

"Kana da kaji a can ne, ya Abu Arwa?"

"Zan yi!"

Cikin mako guda ya tattaro mutum shida da suka sayi fili a hannun dillalin nan, suka kafa kwamiti, ya naɗa kansa shugaba. Mutumin da ya shekara talatin yana danna wa bayin Allah oda a kunne ya wayi gari masanin illar ƙara. Suka rubuta takardar koke mai shafi huɗu: wai yankin na gidajen zama ne, fankoki za su karya darajarsa, inuwarsu kuma za ta raba hankalin ɗalibai a makarantar da ba a gina ba tukuna.

Zubaidatu ta saurari karatun takardar har ƙarshe, ta ce, "Abu Arwa, fankar ɗakinmu wata uku tana kuka, ban ga ka kai ƙararta ba."

Bai kula ta ba. Ya sa farin taubu mai guga, doguwar rigar nan ta Larabawa, ya haɗa takardun filayen su bakwai, Arwa ta tuƙa shi zuwa ofishin tsara filaye.

Ma'aikacin ya karɓe shi da mutunci, ya shigar da lambobin, ya juyo masa da taswira, yana kiransa baffa da Larabci.

"Ya Ammi, fankokin a kan tsauni za su zauna, kilomita ashirin da biyu daga filinka."

"Iska ai tana ɗauko ƙara."

"Akwai wata magana kuma. Filinka da na abokanka a tsakiyar kwari suke, hanyar ruwa ce. Ba a yarda a ɗora ko bulo ɗaya a wurin ba. Mun gode da ka kawo takardun, yanzu za mu sa musu alama."

Ja'afaru ya ce sai ya gani da idonsa. Suka yi tafiyar awa ɗaya da rabi, Arwa na bin taswira a waya, har suka tsaya a wani kwari mai yashi da tsakuwa. Ba kowa sai wata bishiyar ƙaya da ledoji suka maƙale wa, da gawar firji da ambaliya ta yar.

"Baba, a ina za mu sa falo?" in ji Arwa.

Ya daɗe a tsaye, rana na dukan ƙeyarsa. Ya kare ido da hannu yana neman tsaunin, bai ko hango shi ba. Suka juya suka dawo gida.

'Yan kwamiti ba su ji haushin dillali ba, tunda ya daɗe da rasuwa. Haushin Ja'afaru suka ji. Maman, mataimakinsa, ya tare shi a ƙofar masallaci bayan la'asar.

"Da ka yi shiru, da mun sayar wa wani bai sani ba! Yanzu ka sa hukuma ta shafa mana jan fenti."

Sauran suka gyaɗa kai, carbi a hannu.

Ja'afaru ya yi kwana goma bai fita hira ba. Ranar da ya fito, ya roƙi Arwa ta sa masa tallar filin a intanet. Ta ce ba da hannunta ba, sai ya zauna ya rubuta da kansa, da yatsa ɗaya: fili na sayarwa, wuri mai albarka da iska mai daɗi, dab da babban aikin lantarki na zamani.