Zuberu Mai Tura Gado da Jaruminsa Mai Yawan Gaisuwa

Godiya ta tabbata ga Wanda Ya halicci dariya da kuka, Ya kuma sanya wa kowanne wurinsa.

Zuberu haifaffen Nima ne ta birnin Accra, ɗan wani tela. Ya zo London yana saurayi, ya yi wanke-wanke, ya yi gadi, daga bisani ya tsaya a aikin tura gadon marasa lafiya a wani babban asibiti a Camberwell, har furfura ta riske shi a can. Waɗanda ya tura sun shaida cewa tsakanin ɗakin jinya da ɗakin tiyata yakan mantar da mutum wuƙar da ke jiransa. Matarsa Adiza kuwa ta ce wannan baiwa ba ta cika biyo shi gida ba.

A lokutan hutu ya riƙa rubuta labarin fim na ban dariya a wayarsa. Jarumin, Abdul-Basit, direban tram ne, wato jirgin ƙasa mai lantarki na cikin gari, a unguwar Croydon, yana da ikon tashi sama, amma tarbiyya ta hana shi wuce mutum ba gaisuwa. Wuta na cin bene, mace na rataye a taga, shi kuwa yana tsaye a iska yana yi wa maƙwabcinta ina gajiya, ina iyali, yaya mutanen gida.

Da ya kammala, sai ya sa shi a wani shafin intanet inda masu koyon rubutu ke duba wa juna aiki. Wani ya ce a yanke gaisuwar duka domin tana jinkirta labari. Wata ta tambaya ko jarumin na fama da wata lalura ce. Wani kuma ya ba da shawarar a kashe uban jarumin tun farko, domin ya sami dalilin jarumta. Wannan ya fi yi wa Zuberu ciwo, domin uban tela ne, kuma shi ya ɗinka wa jarumin kayan tashi.

Wata Lahadi bayan La'asar ya zo majalisinmu na karatu, a ƙaramin masallacin da ke saman wani shago, ya durƙusa a gabana, ni da ke ba da karatun, ya ce da Hausarsa ta Nima: "Malam, mata na ma ya ƙi karantawa. Idan ku ma ba ku yi dariya ba, zan yi delete, in huta."

To, mu an rene mu a kan cewa duk rubutun da aka kawo zauren karatu, da sunkuyar da kai ake sauraronsa, kuma ba a ƙyaƙyata dariya a masallaci. Ba wanda ya tuna ya gaya masa haka, domin kowa ya ɗauka sananne ne. Shi kuwa aikin asibiti bai taɓa barinsa ya daɗe a majalisi ba.

Ya fara karantawa, yana sauya murya. Alhaji Nata'ala, tsohon likita ne daga Kano, ya tsayar da shi ya ce kayan jarumin sun matse ƙwarai, ga shi yana bi ta saman kawunan jama'a, ya kamata uban ya ɗinka masa babbar riga. Malam Abdul-Karim, ɗan Kumasi mai sayar da yadi, ya ce babbar riga za ta sarƙe a wayoyin tram, kuma shi abin da ke damunsa ko mai tashi daga Croydon zuwa Charing Cross matafiyi ne da zai yi sallar ƙasaru. Aka ɗauki mas'alar da gaske, aka yanke cewa tazarar ba ta kai ba.

Da aka iso inda ɓarawon da jarumin ya kama ya tsaya amsa gaisuwa, har ya tambayi lafiyar tsohon tela, sai Alhaji Nata'ala ya rufe baki da hannun riga, ya ce zai sabunta alwala. Malam Abdul-Karim ya bi shi, kafaɗunsa na rawa. Sauran ma suka zame ɗaya bayan ɗaya.

Zuberu ya dubi shimfiɗar da babu kowa sai ni, ya kashe wayar. Ya ce Turawan shafin intanet dai sun daure sun kai ƙarshe kafin su kushe. Kafin in haɗa jawabi ya miƙe ya sauka, na bi shi.

Hanyar fita ta ratsa wurin alwala. Nan ya tarar da dattawan, ba wanda ya buɗe famfo. Alhaji Nata'ala na zaune a kan benci, hula ta zame, hawaye har gemu. Malam Abdul-Karim ya dafa bango yana maimaita gaisuwar ɓarawo, sauran na roƙonsa ya bari haka nan.

Alhaji ya share ido, ya gyara hula, ya ce: "Malam Zuberu, maganar riga tana nan, ban janye ba. Amma matar da ke taga, an sauko da ita kuwa?"

Zuberu ya kunna wayar, ya tsaya a jiƙaƙƙen daɓe da safa a ƙafarsa, ya karanta musu sauran har aka kira Magariba. Allah Ya ƙara masa lafiya, Ya yafe mana abin da ya wuce kima.