Hilaire, Malamin Sukukutane

Hilaire Maikano ɗan Dogon Dutsi ne. Ubansa kuku ne a gidan fada-fada na mishan, can aka yi wa Hilaire baftisma. Uwarsa Habsatu kuwa 'yar Gecheme ce, 'yar bori, ba ta taɓa rabuwa da iskokin gidansu ba. Yaron ya tashi da kai mai kyau, ya gama lakwal, wato firamare, ya wuce lise, babbar sakandare, a Yamai. Shekara bakwai bayan samun 'yancin kai gwamnati ta tura shi Dakar, domin a lokacin Nijar ba ta da jami'a.

Sauran 'yan ƙasarsu likitanci da shari'a suka zaɓa. Shi kaɗai ya ɗauki falsafa. Wurin cin abinci su suna maganar muƙaman da ke jiransu a gida, shi yana juya shinkafa da kifi a kwano, ba wanda zai gaya wa abin da ya ji a aji.

Wata rana malaminsu, wani Bature mai sanƙo, yana bayani a kan rai da jiki, da abin da mutum yake nufi idan ya ce "ni". Hilaire ya ɗaga hannu. Ya ce in Doguwa, ɗaya daga cikin iskokin bori, ta hau uwarsa, bakinta ne ke motsi amma muryar ba tata ba ce, kuma in ta farfaɗo ba ta tuna komai. To a wannan lokaci, wace ce "ni"? Aji ya fashe da dariya. Malamin bai yi dariya ba, sai dai ya ce a hankali wannan tambaya ta masu nazarin al'adu ce, ya ci gaba da darasinsa. Daga ranar Hilaire bai sake ɗaga hannu ba.

Bai cika shekara ba ɗalibai suka yi yajin karatu, aka rufe jami'a, aka kwashe baƙi a jirgi kowa zuwa ƙasarsu. Ya iso gida ana shuka.

Ya tarar da uwarsa tana gyaran irin gero a inuwar rumbu, ya durƙusa ya ce, "Inna, in Doguwa ta zaka, ke ina kike tahiya?"

Ta ɗago kai ta ce, "Ba wanda ya taɓa tambayata hakanga. Ban sani ba, ɗana. Mi ya sa kake son ka sani?"

Ubansa da ke faskara itace a gefe ya ce, "Wanga ne karatun da aka kai ka ka yi?"

Da aka buɗe jami'a abokansa suka koma. Shi bai koma ba, gwiwar uban ta lalace kuma ga ƙanne. Aka ba shi aikin koyarwa a Sukukutane, aji ɗaya na zana. Mutane suna girmama shi, suna ce masa Mushe, wato malam da Faransanci, suna aiko da ƙwan zabi da fura, amma ba mai zama hira da shi. Ranar Lahadi yakan yi addu'arsa shi kaɗai a ɗaki, don babu wani Kirista a garin.

A rijiya ya haɗu da Buba, wani Bafulatani mai kiwo. Buba na shayar da shanu, ya nuna wata tsohuwar saniya ya ce, "Mushe, kai da ka yi karatu, waccan ta san za ta mutu?"

Hilaire ya ajiye gugansa. Suka yi ta musu har rana ta karkata. Buba ya ce ta sani, shi ya sa take ware kanta. Hilaire ya ce ware kai daban, sani daban. Ba wanda ya yarda da na wani. Daga nan duk rani sai sun zauna a gindin gawon bakin rijiya, su ɗauko wata magana: ko makaho yana mafarki, ko wanda ya yi alheri don tsoro ya yi alheri.

Shekarar babban fari rijiyar ta ja baya, shanu suka fara faɗuwa. Buba ya kora ragowar ya nufi kudu, wajen Kabi. Ya ce in ruwa ya sauka zai dawo. Ruwa ya sauka, wasu Fulani suka dawo, Hilaire ya bi ruga-ruga yana tambaya. Wani ya ce ya gan shi a kasuwar Kamba, wani ya ce ba shi ba ne.

Hilaire ya ƙara shekara goma sha wani abu a garin kafin a mai da shi Tibiri. Yaran da ya koyar sun ce mutum ne mai haƙuri, bai cika duka ba, sai dai wani lokaci yakan tsaya tsakiyar lissafi da alli a hannu, yana kallon waje, har sai wani ya yi tari.