Hoton Gawar Yayana a Bangon Mishan

A shekarun da kuɗin mai ya buɗe wa ƙasar nan ido, ni direba ne ɗan Daddara ta ƙasar Jibiya, saurayi mai saurin fushi, ga son a ce da ni yaron Bature. Wani Baturen mishan ne ya ɗauke ni in tuƙa shi, in kuma yi masa tafinta, don ina jin Buzanci kaɗan da Faransancin tasha. Hanyarmu ɗaya ce, mu ƙetare iyaka ta Jibiya, mu bi Maraɗi da Agadas har Arlit, garin haƙar yuraniyom da ya tsiro a tsakiyar hamada.

Garin nan babu irin mutumin da babu. Buzaye, Zabarmawa, Barebari, mu Hausawa, Yarabawa masu gyaran rediyo, 'yan Togo masu dafa wa Turawa, duk neman abinci ya tara mu. Ni kasuwa nake gani cike da 'yan'uwa. Shi kuwa maigidana, in ya tsaya yana kallon rumfunan kwano, sai ya girgiza kai ya ce gona ce ta nuna babu masu girbi, wai ƙabilu barkatai cikin duhu guda. Nakan yi dariya kawai. Kuma a faɗi gaskiya, yana ba da magani kyauta, bai taɓa hana ni tsayawa salla ba.

Yayana yana aiki a ramin haƙar. Tari ya kama shi ya ƙi saki, Baturen ya yi ta zuwa da allura har ranar da rai ya yi halinsa. Da za mu yi masa wanka, ni da wani dattijo Bazabarme abokin aikinsa, Baturen ya roƙi in bar shi ya shiga ya yi bankwana. Dattijon ya ja ni gefe ya tuna mini cewa wanka sirri ne, mai wankan gawa ma ba ya faɗin abin da ya gani. Na ce masa wanda ya yi jinya ai ya zama ɗan gida. Na ga kyamara a wuyan Baturen, amma kullum a nan take kamar laya, kuma kuka ya ci ƙarfina, ban lura da komai ba.

Bayan an daɗe, a wani gidan mishan da muke sauka a hanya, baƙi suka zo daga ƙasar maigidana. Aka rufe tagogi da rana tsaka, aka kunna majigi, ni kuma na shigo da tiren shayi. Sai ga yayana a bango, kwance a tabarma, haƙarƙari a waje, ɗan ƙyalle kawai a tsiraicinsa, ga hannuna ma a hoton riƙe da butar wanka. Turancin da na tsinta ya ishe ni in gane Baturen yana cewa haka mutanen garin ke mutuwa ba su ga haske ba. Wata mata ta share hawaye, ta miƙa hannu ta ɗauki biskit. Da na tare shi daga baya, sai ya dafa kafaɗata ya ce hoton zai sa a ji tausayi a aiko da magani, kuma ai bai faɗi suna ba. Bai ma san ya yi laifi ba, wannan ya fi ƙona mini rai.

Na haɗiye, na ci gaba da ce masa ranka ya daɗe, ina jiran rana. Ta zo lokacin da zai tafi gida hutu, akwatin hotunan yana bayan mota. Soja ke mulkin Nijar, ba a wasa da maganar yuraniyom. A shingen ƙarshe kafin Jibiya na sauka kamar zan kai takardun mota, na raɗa wa wani jandarma cewa Baturen nan ya ɗauki hoton ramin haƙa ciki da waje. Hotunan ramin akwai su, amma na san sarai ba ɗan leƙen asiri ba ne. Suka zazzage kayansa a rana, yana waiwayena in yi masa tafinta, ni kuwa na jingina da mota ina cin goro. Wallahi ban taɓa jin daɗin goro irin na ranar ba. An kore shi daga ƙasar, bai sake taka Arlit ba.

Sai dai fushi ya rufe mini ido. Ina tsaye suka riƙa ɗaga hotunan ga hasken rana ɗaya bayan ɗaya, suna miƙa wa juna, har aka zo kan yayana. Na roƙa, na ce ɗan'uwana ne, aka ce kayan shaida ne, in kama gabana. Makullin motar nan kullum a aljihuna yake. Da na so, da tuni na zare hoton na ƙona, ba wanda zai sani. Amma ni wulaƙancin mutumin na sa gaba, na bar suturar ɗan'uwana a baya.

Ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, har yau ban yafe masa ba, kuma da zai dawo da na sake tona masa asiri. Ba addininsa nake zagi ba, na zauna da Kiristoci masu mutunci, shi ne ya ci amana. Abin da zan ce, komai alherin baƙo, kada ku buɗe masa ƙofar da iyaye suka ce a rufe. In kuma za ku rama, ku fara ƙwato abin da aka ɗauke muku. Yanzu na tsufa, 'ya'yan yayana sun yi furfura, har gobe suna tambayata ko akwai hoton ubansu su ga kamanninsa. Nakan ce musu babu.